Ɗalibaina suna kwafo duk abin da suka fara gani a intanet

Wata malama ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, shekara tara ke nan. A zangon nan na ba ɗalibaina aikin gida a kan abubuwan da ke haddasa fari, na ce su duba intanet. Cikin ɗalibai 42, fiye da rabi sun kawo mini sakin layi iri ɗaya, har da kuskuren rubutun da ke cikinsa. Wata yarinya ta kafa hujja da tallar wani kamfani, wani yaro kuma ya jero sunayen littattafai uku da na nema na rasa, daga baya ya amsa cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta ba shi su. Kwamfutocinmu goma ne kacal, intanet ɗin ma yakan yanke. Raina ya ɓaci har ina tunanin hana su amfani da intanet a darasina. Gaskiyar magana, ni ma ba wanda ya taɓa koya mini bincike, kuma ina jin nauyin su gane cewa sun fi ni iya na'ura. Mene ne abin yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa damuwa da kika yi da wannan al'amari, domin da yawa daga cikin masu koyarwa da sun ga aikin ya cika shafi sai su ba da maki su wuce. Zan fara da batun hani, tun da shi ne ya fi kusa da zuciyarki a yanzu. Shawarata ita ce kada ki hana su. Ranar da kika hana, binciken ba zai tsaya ba, zai dai koma inda idonki ba ya kaiwa, kuma yaran za su ci gaba da yin kuskuren da suke yi ba tare da wani babba a kusa da zai ce musu su dakata ba. Ajinki ne kusan wuri ɗaya tilo da ake iya yin binciken a fili, a yi kuskure a fili, a gyara shi a fili.

Nauyin da kike ji kuwa, ki sauke shi. Yaran sun fi ki saurin yatsa, wannan ba a musu, amma saurin yatsa daban, iya tantance magana daban. A shekarar 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Stanford da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Sam Wineburg, suka fitar da sakamakon gwajin da suka tattara amsoshi fiye da 7,800 daga ɗalibai, tun daga ƙaramar sakandare har zuwa jami'a. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen an nuna wa 'yan ƙaramar sakandare shafin farko na wata mujalla ta intanet, sai fiye da kashi 80 cikin 100 suka ɗauki wata talla a matsayin labari na gaskiya, alhali an rubuta a jikinta cewa kuɗi aka biya aka sa ta. Waɗannan yara ne da suka tashi da na'ura a hannu. Saboda haka yarinyar da ta kafa miki hujja da talla ba ta fi sauran yaran duniya sakaci ba, kuma abin da ta rasa yana wurinki: shekara tara kina karatu, kina auna magana, kina gane wadda ta tsaya da ƙafarta da wadda aka jingina.

Kafin mu zo kan yaran, ki yi haƙuri mu dubi tambayar da kika ba su. Duk tambayar da za a iya ɗauka ɗungurungum a zuba a akwatin bincike, amsarta ta fito a layin farko, to ita kanta ta gayyaci kwafa. "Mene ne ke haddasa fari?" irin wannan tambaya ce. Da a ce kin nemi su samo majiya biyu da suka yi bayanin musabbabin fari, su nuna inda suka dace da inda suka saɓa, sannan su faɗi wadda suka fi gamsuwa da ita da dalilinsu, da babu shafin da zai yi musu aikin, domin babu shafin da ya san majiya biyun da yaro zai zaɓa. Ban faɗi wannan don in ɗora miki laifi ba. Dukkanmu da irin waccan tambayar aka koyar da mu, a zamanin da samo amsar shi ne wahalar. Yanzu amsa ta yi araha, wahalar ta koma wurin sanin wadda za a riƙa.

Darasin farko da zan so ki yi da su bai ma buƙatar a kunna kwamfuta. Ki bayyana musu abin da ke faruwa idan sun danna bincike, domin mafi yawansu suna zaton akwai wani masani a bayan allon da ke zaɓo musu gaskiya ya ɗora a sama. Injin bincike yana aika wasu manhajoji da ke bin shafuka dare da rana, daga wannan mahaɗi zuwa wancan, suna kwaso abin da ke ciki suna tarawa a wata katafariyar ma'ajiya mai kama da fihirisar littafi. Idan yaro ya rubuta kalmominsa, a cikin wannan ma'ajiyar ake dubawa, sannan a jero shafukan bisa wasu ma'aunai masu yawa. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kanta a 1998 ita ce ƙidaya shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, ana ɗaukar kowane nuni tamkar ƙuri'a, kuma ƙuri'ar shafin da ya shahara ta fi nauyi. An ƙara ma'aunai da dama tun daga lokacin, irin su harshen mai bincike da wurin da yake da sabuntar shafin, amma har yau babu ɗaya a cikinsu da ke zama shaidar cewa abin da shafin ya faɗa gaskiya ne. A saman jerin kuma sau da yawa akwai tallace-tallace da aka biya kuɗi aka sa, da ɗan ƙaramin rubutu da ke nuna haka. Ki sa kowane yaro ya nuna wannan rubutun da yatsansa sau ɗaya, ba zai sake ɓace masa ba.

Daga nan sai zaɓen kalmomi, kuma a nan zan so ki daɗe, domin shi ne rabin aikin. Misalin yana cikin aikin da kika ba su. Ki rubuta kalmar "fari" a allo, ki tambaye su ma'anarta. Wani zai ce launi, wani zai ce rashin ruwan sama, wani zai tuna da ɗan fari, wata ma ta ce fari da ido. Sai ki tambaye su: injin da ba ya jin karin sauti, bai kuma san darasin da muke ciki ba, ta yaya zai gane wanne kuke nufi? Da kansu za su ce sai an ƙara masa wasu kalmomi, irin su damina da ƙarancin ruwan sama da amfanin gona. Haka "kashi" take, tana iya zama kaso na lissafi, idan kuma mai rubutu bai sa lanƙwasa ba tana iya zama ƙashin jiki. Wannan ya kawo wata matsala da ta shafi harshenmu musamman: rubuce-rubucen Hausa da yawa a intanet ba su da haruffa masu lanƙwasa, saboda haka wanda ya nemi "ƙasa" da wanda ya nemi "kasa" ba lallai su ga abu ɗaya ba, kuma ya kamata yaro ya saba gwada duka biyun. Ki gaya musu kuma a fili cewa abin da aka rubuta da Hausa a fannonin kimiyya bai kai ko kusa da na Turanci ko Larabci ko Faransanci yawa ba, don haka mai bincike na ƙwarai yakan fara da harshen da ya fi fahimta ya gane batun, sannan ya ɗauki kalmomin fannin ya nema da wani harshen.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi duk sauran amfani a wannan mataki. Kafin yaro ya taɓa na'ura, ya tambayi kansa: shafin da ke ɗauke da amsar da nake nema, waɗanne kalmomi ne marubucinsa zai yi amfani da su? Masanin yanayi ba zai rubuta "me ya sa ruwa ba ya sauka" ba, zai yi maganar matsakaicin ruwan sama na shekara da zafin saman teku da iskar damina. Yaron da bai san waɗannan kalmomi ba sai ya yi bincike na farko don ya samo su, ya yi na biyu da su. Ki nuna musu cewa bincike na farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba, kuma sake kalmomi sau uku ko huɗu ba alamar gazawa ba ce.

Alamomin bincike ba su da yawa, kada ki cika su da su. Idan aka sa jimla a tsakanin alamar zance, injin zai nemo ta yadda take kalma bayan kalma, kuma da wannan ne ke ma za ki gano inda aka kwafo miki sakin layi cikin daƙiƙa kaɗan. Alamar ɗebewa a manne da kalma tana cire shafukan da ke ɗauke da ita daga sakamakon. Rubuta site: tare da adireshin wani shafi yana taƙaita binciken a cikinsa, filetype:pdf kuma yana kawo rahotanni da takardu maimakon hirarraki. Sai danna Ctrl da F a tare don nemo kalma a cikin dogon shafi. Wannan na ƙarshe kamar wasa ne, amma Dan Russell, wani mai nazarin halayen masu bincike a kamfanin Google, ya bayyana a 2011 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen da ya gwada ba su san da shi ba.

Yadda za ki koyar da duk wannan ya fi abin da za ki faɗa muhimmanci. Ki yi binciken a gabansu, da majigi idan akwai, ko su kewaye kwamfuta ɗaya rukuni-rukuni, kina faɗin abin da ke ranki da babbar murya. Ki zaɓi tambayar da ke ma ba ki san amsarta ba. Ki rubuta kalmomi, sakamakon ya fito ba daidai ba, ki ce musu ga dalilin da kike zaton ya sa, ki sauya. Idan jerin ya fito kada ki danna komai tukuna, ki karanta kanun shafuka biyar ko shida da adireshinsu da 'yan layukan da ke ƙarƙashi, kina cewa wannan talla ce, wannan dandalin hira ne, wannan hukumar kula da yanayi ce, bari mu fara da ita. Yaran ba su taɓa ganin babba yana jinkirta dannawa ba. Idan kuma wani a cikinsu ya san wata gajeriyar hanya da ba ki sani ba, ki kira shi gaba ya nuna, ki gode masa, domin malamin da ya karɓi gyara a gaban aji ya koyar da abin da ya fi alamomin bincike tsada.

Tantance majiya shi ne wurin da aka fi yin kuskure, har da manya. Abin da aka saba gaya wa ɗalibai shi ne su duba ko shafin yana da tsari, ko akwai sunan marubuci, ko adireshinsa ya ƙare da .org, ko ya kawo manazarta. Matsalar ita ce duk waɗannan mai son yaudara yana iya tanadarsu cikin yini ɗaya, kuma adireshin .org kowa yana iya yin rajistarsa. A 2017 Wineburg da Sarah McGrew sun zaunar da mutum 45 a gaban kwamfuta: malaman tarihi 10 masu digiri na uku, ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban Stanford 25. Aka ba su shafukan ƙungiyoyi biyu na likitocin yara masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya babbar ƙungiya ce mai dubban mambobi, ɗayar kuma ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle saboda wata manufa tata. Yawancin ɗaliban da wasu daga cikin malaman tarihin sun zauna a cikin shafin suna karanta shi daga sama har ƙasa, kyan tsarinsa ya ruɗe su. Masu tantance labaran kuwa ba su daɗe a ciki ba, suka fita suka buɗe wasu shafuka a gefe suna neman abin da wasu suka ce game da ƙungiyar, kuma cikin ɗan lokaci suka gane wacce ce wacce. Wannan ita ce ɗabi'ar da za ki dasa: idan ka shiga shafin da ba ka sani ba, fita ka tambayi waɗanda suka san shi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi ba su taɓa karɓar magana don daɗin lafazinta ba, sai sun bi isnadinta, sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma me masana suka ce game da amanarsa da ƙarfin haddarsa. Idan kika kawo musu wannan kwatancen za ki ga sun kama nan take.

Ga wani gwaji da ya dace da fanninki. Ki tambaye su tsawon tsaunin Everest, ki ce kowane rukuni ya kawo adadi da majiyarsa da shekarar da aka auna. Wasu za su kawo mita 8,848, adadin da masu safiyo na Indiya suka fitar a shekarun 1950 aka daɗe ana amfani da shi. Wasu za su kawo 8,850, na wani ayarin Amurkawa a 1999. Wasu za su ci karo da 8,844.43, wanda ƙasar Sin ta sanar a 2005 bayan ta auna dutsen ba tare da ƙanƙarar da ke kansa ba. Wasu kuma 8,848.86, wanda Nepal da Sin suka sanar tare a watan Disamba na 2020. Ki jera su a allo ki bar yaran su yi gardama. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin majiyoyin nan, amma yaron da bai dubi shekara da hanyar awo ba zai rantse cewa nasa ne kaɗai daidai. Darasi ɗaya irin wannan ya fi wa'azi goma a kan duba kwanan wata.

Game da Wikipedia, kundin sanin nan na intanet, wadda na tabbata daga can wasunsu suka kwafo, ba na goyon bayan masu haramta ta. Tun da aka buɗe ta a 2001 kowa yana iya gyara mafi yawan maƙalolinta, wannan ne rauninta, amma maƙala mai kyau tana ɗauke da manazarta a ƙasa, tana kuma da shafin tarihi da ke nuna kowane gyara da lokacin da aka yi shi. Ki ce musu su shiga su fahimci batun, su kwashi kalmomin fanni, sannan su gangara ƙasa su bi manazartar zuwa tushe, kuma tushen ne za su ambata a aikinsu.

Yaron da ya kawo littattafan da babu su yana buƙatar bayani fiye da horo. Manhajojin hira irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, an gina su ne a kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, saboda haka suna iya ƙera sunan littafi da na marubuci da shekara, komai ya zauna daram, alhali babu littafin a duniya. Ki ba shi labarin lauyoyin da wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar dala 5,000 a 2023, bayan sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da manhajar ta ƙirƙiro, ba su bincika ba. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, ba abin mamaki ba ne yaro ya faɗa. Ƙa'idar da za ki kafa wa ajin gajeriya ce: duk majiyar da ba ka buɗe da kanka ka ga maganar a cikinta ba, ba za ka rubuta sunanta ba. Wannan ta haɗa har da taƙaitacciyar amsar da injin bincike yake ɗorawa a saman sakamako a yanzu, domin ita ma irin wannan manhajar ce ke rubuta ta.

Ƙarancin kwamfuta bai kai matsalar da kike zato ba, har ma yana da ɗan alfanu. Kwamfuta goma ga ɗalibai 42 na nufin mutum huɗu ko biyar a kan kowace, kuma yaran da ke bincike tare dole su yi magana kafin su danna. Ki raba musu aiki: ɗaya yana bugawa, ɗaya yana rubuta abin da aka yi, ɗaya aikinsa shi ne ya tambayi "wa ya faɗa?" a kan kowane shafi, ɗaya yana lura da lokaci, kuma a riƙa juyawa don kada yaron da ya fi ƙarfin hali ya mallake na'urar, 'yan mata da masu kunya su koma 'yan kallo. Ranar da intanet ya yanke, ki fito da hotunan sakamakon bincike da kika buga a takarda tun da wuri, su zaɓi shafin da za su fara buɗewa da wanda za su tsallake, su kare zaɓinsu.

Abin da zai ɗaure duk wannan shi ne maki, domin yara suna gane abin da malami ya ɗauka da muhimmanci ta wurin abin da yake ba wa maki. Ki sa kowane aiki ya zo da rabin shafi na bayanin hanya: kalmomin da aka fara gwadawa, yadda aka sauya su, shafin da aka buɗe aka bari da dalilin barinsa, wanda aka riƙa da wanda ya wallafa shi da shekararsa. Ki ware wa wannan bayanin kaso mai tsoka, ko da rabin makin ne. Yaro yana iya kwafo amsa, amma da wuya ya kwafo dalilin da ya sa ya ƙi wani shafi, kuma idan ya yi ƙoƙari tambaya ɗaya ta baki za ta tona shi.

Ayyukan da ke kan teburinki yanzu kuwa, kada ki sa musu sifiri, kada kuma ki kira sunan kowa. Ki ɗauki jimla ɗaya daga sakin layin da suka kwafo, wadda ke da kuskuren rubutun nan, ki sa ta a tsakanin alamar zance ki nema a gabansu, su ga shafin ya fito. Daga nan ku bi shi tare: wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo, me wasu suka ce game da shi. Sannan ki mayar wa kowa takardarsa, ki ba su mako ɗaya su sake aikin da sabuwar tambayar, da bayanin hanya a manne a baya. Allah ya taimake ki, ya yi wa ɗaliban albarka.